Ernst Barlach: Bajamushen da ya gina mabarata da yumɓu, ƴan Nazi suka hana a nuna su

A birnin Lübeck da ke arewacin Jamus akwai wata tsohuwar majami'a ta jan bulo mai suna Katharinenkirche. Duk wanda ya tsaya a gabanta ya ɗaga kai zai hangi mutum-mutumi tara jere cikin alkukai a jikin bango. Ɗaya daga cikinsu wani ramammen mabaraci ne da ya rataya jikinsa a kan sanduna biyu, ya ɗaga fuska sama, bakinsa a ɗan buɗe. Tsayinsa ya haura mita biyu, kuma da yumɓu aka gina shi, aka gasa shi har ya yi tauri kamar dutse.

Ernst Barlach ne ya ƙirƙiro wannan mabaraci a shekarar 1930, amma sai a 1947 aka ɗora shi a inda aka tanadar masa, shekara tara bayan rasuwar mai aikin. A wani ɓangare na waɗannan shekaru ɓoye shi aka yi, domin gwamnatin Adolf Hitler ba ta son ganin gurgu da mayunwaci da mai takaba a wuraren da take so a kafa jarumai. Tarihin Barlach tarihi ne na mutumin da ya zaɓi waɗannan mutane su zama jigon aikinsa, ya taɓa yin tuntuɓe a kan hanya, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa saboda su.

Ɗan likita da ya daɗe yana lalube

An haifi Barlach ranar 2 ga Janairun 1870 a garin Wedel, kusa da Hamburg. Shi ne babba cikin ƴaƴa maza huɗu na wani likita mai suna Georg Barlach. Iyalin sun zauna a Schönberg, daga baya suka koma Ratzeburg, inda mahaifin ya rasu a 1884, lokacin Ernst yana da shekara 14.

Daga 1888 zuwa 1891 ya yi karatu a makarantar koyon sana'o'in hannu ta Hamburg, sannan ya wuce babbar makarantar zane da sassaƙa ta Dresden, inda ya koyi aiki a hannun Robert Diez har zuwa 1895. Aikin da ya gabatar na kammala karatu wata mace ce da ta duƙa tana tsinkar ganye. A zamanin da ɗalibai ke gina sarakuna da jaruman tatsuniyoyin Girka, shi ƴar ƙauye mai neman abin miya ya ɗauko.

Bayan haka ya tafi Paris, ya ɗan zauna a makarantar Julian, amma birnin bai sauya masa komai ba. Ya dawo gida yana yi wa mujallu zane, musamman wata mai suna Jugend, don ya sami na sakawa a bakin salati.

A farkon shekarun 1900 ne ya shiga harkar yumɓu gadan-gadan. Ya riƙa tsara wa masana'antar tukwane ta iyalin Mutz da ke Altona ƙananan kayan ado: kasake, fuskoki da allunan manna wa bango. A 1904 aka ɗauke shi malami a makarantar koyon ginin yumɓu ta Höhr, a yankin Westerwald, wanda ya yi suna wajen tuluna da kwalaben ƙasa tun ɗaruruwan shekaru. Bai yi shekara ba ya ajiye aikin ya koma Berlin. Yana da shekara 35, ya iya cuɗa yumɓu, ya san yadda wuta ke sauya shi, amma bai gano abin da yake son faɗa da shi ba. Babu suna, babu kuɗi, kuma ya fara shakkar ko ya zaɓi sana'ar da ta dace da shi.

Mako takwas da suka sauya komai

A watan Agustan 1906 ya bi ƙanensa Nikolaus zuwa daular Rasha, don ziyartar wani ƙanen nasu, Hans, da ke aiki a Kharkiv, birnin da a yau yake cikin Ukraine. Ƙasar ba ta daɗe da shan kashi a hannun Japan ba, kuma ƙurar boren 1905 ba ta gama lafawa ba. Tafiyar ta ɗauki kimanin mako takwas.

Abin da ya ja hankalinsa a can shi ne talakawa: manoma a fili fetal, makiyaya, mata masu talla, ƴan giya, da mabarata zaune a bakin hanya cikin manyan riguna masu kauri. Ya cika littattafansa da zanensu, ya kuma rubuta abubuwan da ya gani kullum. Ya lura cewa mutumin da ya lulluɓe cikin bargo ya zauna a ƙasa yakan zama dunƙule guda, babu abin da ke fitowa sai fuska da hannu. Wannan shi ne salon da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: jiki mai nauyi a dunƙule, tufa mai ƴan layuka kaɗan, sai fuska da tafin hannu su ɗauki dukan saƙon.

Da ya dawo Berlin, ya mayar da waɗannan zane-zane zuwa yumɓu. Biyu daga ciki su ne suka buɗe masa ƙofa: wata mabaraciya ƴar Rasha da ta zauna da ƙoƙonta, da wani makaho mai bara da ya riƙe akushi tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa na kallon sama. Richard Mutz ne ya gasa su, aka nuna su a 1907 a baje kolin ƙungiyar masu fasaha ta Berliner Secession. Daga baya masana'antar Schwarzburg ta fitar da wasu daga cikin waɗannan siffofi da farin tangaran.

A nan ne sabon abin yake. A Turai ta wancan lokaci, ƙananan mutum-mutumin tangaran kayan ƙawata falon masu hali ne, galibi ƴan mata masu rawa da makiyaya masu tsabtar da ba a taɓa gani a daji ba. Barlach ya ɗauki wannan kaya na alfarma ya zuba mabaraci a ciki. Bai yi masa kwalliya don a ji daɗin kallonsa ba, bai kuma mayar da shi abin dariya ba. A ganinsa, mai bara hoton ɗan Adam ne gaba ɗaya, wanda kullum yake cikin buƙata, yana miƙa hannu tsakanin ƙasa da sama.

Wani dillalin kayan fasaha na Berlin, Paul Cassirer, ya ga aikin ya ƙulla yarjejeniya da shi: zai riƙa biyansa kuɗi a kai a kai, shi kuma ya riƙa ba shi abin da ya ƙera. Daga nan Barlach ya huta da fafutukar abinci, ya kuma fara sassaƙar katako, wanda daga baya ya zama babban abin da aka san shi da shi. Duk da haka yawancin ayyukansa da yumɓu ko filasta yake fara gina su kafin a kai ga katako ko tagulla.

A gida kuwa al'amura ba su tafi sumul ba. Yana can Rasha aka haifa masa ɗa, Nikolaus, ba tare da aure ba. Ya shiga shari'a da uwar yaron kan wanda zai riƙe shi, kotu ta ba shi a 1908. A 1909 ya sami kyautar zama a gidan Villa Romana da ke Florence a Italiya, sannan a 1910 ya tare a ƙaramin garin Güstrow tare da mahaifiyarsa da ɗansa. A can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Daga murnar yaƙi zuwa makoki

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Barlach yana cikin waɗanda suka yi maraba da shi. Kamar ƴan boko da yawa na Jamus, ya ɗauka yaƙin zai wanke al'umma ya haɗa kanta. Ya yi wa mujallar Kriegszeit ta Cassirer zane-zanen zuga, ya kuma ƙera wani mutum da ya zaburo da takobi a sama, wanda ake kira Mai Ramuwa.

A ƙarshen 1915, yana da shekara 45, aka kira shi aikin soja. Ya yi atisaye a Sonderburg na ƴan watanni, aka sallame shi a farkon 1916 ba tare da ya je fagen daga ba. Amma jerin sunayen matattu da ke ƙaruwa kullum, da yunwar da ta addabi garuruwa, da matan da suka rasa maza da ƴaƴa, sun sauya masa tunani. Zane-zanensa na ƙarshen yaƙin cike suke da kaburbura da mayunwata da masu roƙon zaman lafiya.

Bayan yaƙin sunansa ya ɗaukaka. A 1919 ya zama mamba a majalisar masu fasaha ta Prussia. Marubucin wasan kwaikwayo ne kuma, har ya ci kyautar Kleist a 1924 da wasansa kan ruwan ɗufana. Saboda haka da garuruwa suka fara neman wanda zai yi musu abin tunawa da sojojinsu da suka mutu, sai aka riƙa zuwa wurinsa.

Abubuwan tunawa da babu jarumi a cikinsu

Abin da jama'a suka saba gani a irin waɗannan wurare shi ne soja ƙaƙƙarfa da bindiga, ko gaggafa, ko takobi. Barlach bai ba su ko ɗaya ba.

A babbar majami'ar Güstrow, a 1927, ya rataya wata siffa ta tagulla da sarƙa, kwance a iska, idanu a rufe, hannaye harɗe a ƙirji. Ana kiranta Der Schwebende, wato mai shawagi, wasu kuma na ce mata mala'ikan Güstrow. Fuskarta ta yi kama da ta Käthe Kollwitz, shahararriyar mai zane wadda ɗanta Peter ya mutu a fagen daga a 1914.

A babbar majami'ar Magdeburg, a 1929, ya sassaƙa mutum shida da katako. Sojoji uku na tsaye kewaye da gicciye mai ɗauke da shekarun yaƙin. A ƙasansu akwai mace da ta lulluɓe kanta don baƙin ciki, da ƙwarangwal sanye da hular kwano, da wani mutum da ya dafe kai cikin firgici, abin kare numfashi daga iskar guba na rataye a ƙirjinsa. A Hamburg kuma, a 1931, jikin dogon dutsen da aka kafa kusa da fadar magajin gari don tunawa da ƴan birnin 40,000 da suka mutu, uwa ya zana rungume da ɗiyarta.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da masu tsattsauran kishin ƙasa sun fusata. Sun ce ya ci mutuncin matattu, ya nuna Jamus a matsayin wadda ta durƙusa. Sun ce fuskokin mutanensa na ƴan Rasha ne, ba na Jamusawa ba, har aka riƙa baza jita-jitar cewa shi Bayahude ne ko kuma ɗan gurguzu. Alfred Rosenberg, mai tsara aƙidar jam'iyyar Nazi, ya caccaki aikin Magdeburg a rubuce.

Komawa ga yumɓu a Lübeck

Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce ne shugaban gidan tarihin Lübeck, Carl Georg Heise, ya kawo masa wata shawara a 1929: a cike alkukan gaban Katharinenkirche da mutum-mutumi 16. Tunda ginin na jan bulo ne, sai aka zaɓi yumɓun da ake gasawa da wuta mai tsananin zafi, wanda ke fitowa da duhu da ɗan sheƙi, kuma ruwa da ƙanƙara ba sa cin sa. Wannan ya mayar da Barlach ga sana'ar da ya fara da ita, amma a wannan karo da siffofi da suka fi mutum tsawo.

An sa wa aikin sunan taron tsarkaka, sai dai waɗanda ya gina ba waliyyan da aka saba gani da rawanin haske ba ne. Mace ce da iska ke kaɗa wa tufa, da ɗalibi mai rera waƙa riƙe da takarda, da mabaracin nan mai sanduna biyu a tsakiyarsu. Ɗora gurgu mai bara a sahun tsarkaka, a saman titin da kowa ke bi, shi ne amsarsa ga masu cewa irin waɗannan mutane ba su cancanci a gina su ba.

Uku kawai ya kammala. Kuɗi sun yi ƙaranci saboda durƙushewar tattalin arzikin duniya, adawa ta yi yawa, sannan a 1933 sabuwar gwamnati ta sallami Heise daga aiki. Shi ne ya yi dabarar da aka adana siffofin uku nesa da idon hukuma.

Shekarun ƙunci

A watan Janairun 1933, kwanaki kaɗan kafin Hitler ya zama shugaban gwamnati, Barlach ya yi jawabi a rediyo yana kare ƴancin mai fasaha. Da farko matsayinsa bai fito fili ba, domin a cikin jam'iyyar Nazi akwai masu ganin aikinsa na asalin arewacin Jamus ne, kuma shi kansa Joseph Goebbels ya taɓa sha'awar sassaƙarsa a shekarun baya. Amma ɓangaren Rosenberg ne ya yi rinjaye.

A nan ne Barlach ya yi abin da har yau ake tuhumarsa da shi. A watan Agustan 1934, bayan mutuwar shugaban ƙasa Hindenburg, ya sa hannu a wata takardar da wasu fitattun masu fasaha suka fitar ta nuna goyon baya ga Hitler, gabanin ƙuri'ar raba gardama da ta haɗe masa muƙaman mulki biyu. Masu kare shi na cewa neman sararin yin aiki ne ya sa, masu suka kuma na cewa sa hannu sa hannu ne. Ko ma mene ne dalilin, bai tsinana masa komai ba. A wannan shekarar aka cire aikinsa daga majami'ar Magdeburg.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1936 ƴan sanda suka ƙwace littafin zane-zanensa da kamfanin Piper ya buga, aka kuma janye ayyukansa daga wani baje koli a Berlin tare da na Kollwitz. A 1937 aka kawar da mutum-mutuminsa na tagulla da ke Kiel, aka tilasta masa ficewa daga majalisar masu fasaha, aka hana shi baje kolin aikinsa. An kwashe ɗaruruwan ayyukansa daga gidajen tarihin ƙasar. A watan Yulin wannan shekara aka buɗe baje kolin da gwamnati ta kira na gurɓatacciyar fasaha a Munich, don a yi wa masu fasahar zamani ba'a, kuma aikin Barlach na ciki. Ranar 23 ga Agusta aka sauke mala'ikan Güstrow daga majami'ar garin da yake zaune. Daga baya, lokacin yaƙi, aka narkar da tagullar.

Bai bar ƙasar ba, bai kuma daina aiki ba. Wani attajirin taba sigari na Hamburg, Hermann Reemtsma, ya ci gaba da sayen ayyukansa, shi ne ma ya ɗauki nauyin jerin mutum tara masu saurare da aka kammala a 1935. Cikin abubuwan da ya sassaƙa a 1937 akwai wata tsohuwa da ta takure tana jin sanyi, ta rungume gwiwoyinta. Shekara talatin bayan tafiyar Rasha, har yanzu mutanen bakin hanya yake yi.

Ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya rasu a wani asibiti a Rostock ranar 24 ga Oktoban 1938, yana da shekara 68. Käthe Kollwitz ta zo Güstrow ta zana gawarsa. An binne shi a Ratzeburg, garin da mahaifinsa ke kwance. Ba da jimawa ba hukumomin Hamburg suka kankare uwa da ɗiyarta daga jikin dutsen, suka sa gaggafa a gurbinsu.

Abin da aka ɓoye ya dawo

Ayyukansa da dama sun tsira ta hannun mutanen da su ma ba a rasa abin faɗa a kansu ba. Bernhard Böhmer, na hannun damansa, yana cikin ƴan dillalan da gwamnatin Nazi ta ba izinin sayar da kayan fasahar da ta ƙwace, kuma ta wannan hanya ya ceto wasu daga cikin na Barlach. A 1939 aka sake zuba mala'ikan Güstrow a asirce daga ainihin samfurin filasta, aka ɓoye shi a ƙauyen Schnega har yaƙi ya ƙare.

Bayan faɗuwar Hitler sai aka riƙa mayar da komai wurinsa. Siffofin yumɓu uku sun hau bangon Lübeck a 1947, sannan wani masassaƙi, Gerhard Marcks, ya ƙara shida a 1949, suka zama tara da ake gani a yau. A wannan shekarar aka sake sassaƙa uwa da ɗiyarta a Hamburg. Aikin Kiel ya koma fili a 1954, na Magdeburg a 1955.

Mala'ikan da aka ɓoye an rataye shi a majami'ar Antoniter da ke Köln a 1952, a Jamus ta Yamma. Daga jikinsa aka ɗauki samfuri aka zuba wani aka kai Güstrow a 1953, a Jamus ta Gabas. Haka ƙasar da aka raba biyu ta sami siffa ɗaya a kowane ɓangare. A watan Disamban 1981, shugaban gwamnatin Yamma Helmut Schmidt da shugaban Gabas Erich Honecker sun tsaya tare a ƙarƙashinsa a Güstrow.

Ga ƴan uwa mazauna Jamus, ganin waɗannan ayyuka ba wuya. A Hamburg akwai gidan tarihin Ernst Barlach Haus a lambun Jenisch, wanda Reemtsma ya assasa aka buɗe a 1962. Ɗakin aikinsa na Güstrow da gidan da aka haife shi a Wedel da wanda ya tashi a Ratzeburg duk sun zama gidajen tarihi. Mabaracin Lübeck kuwa ba ya buƙatar tikitin shiga, domin a waje yake, yana kallon titi. Gwamnatin da ta hana a ɗora shi ta yi shekara 12 a kan mulki, shi kuma ya haura shekara 75 a kan bangon.